Tassa Ba Ta Cika Dosiye Ba

(Laccar da aka gabatar a birnin Tawa, gaban malamai, ɗalibai da ƴan kasuwa)

 

An ce in yi magana kan bunƙasar arzikin jiharmu, da irin tallafin da gwamnati ke ba masu sabuwar dabara a sana'a. Da takardar gayyata ta iso ni, sai na zauna ina jera sunayen asusu da hukumomi har na cika shafi guda. Daga baya na ture shafin gefe, don na ga in da shi na fara, rabin zauren nan zai yi gyangyaɗi kafin la'asar. Zan dawo kansa. Yanzu dai rami nake so mu leƙa.

A 1989 wani furoje da asusun FIDA ke ɗaukar nauyinsa a Illela, Illelarmu ta Sarkin Adar, ya kwashi manoma 13 ya kai su Yatenga a ƙasar Burkina Faso. Can suka ga yadda Mosawa irin su marigayi Yakuba Sawadogo suka gyara tsohon ramin shuka da suke kira zai. Mu tassa muke cewa, kuma kakanninmu sun san ta, sai dai tasu ƙarama ce. Ga ɗaliban da suka tashi a birni: da rani ake haƙa ta a kan fako, wato ƙasar da ta ƙeƙashe har ruwa ke zamewa a kanta kamar an shafe ta da siminti. Faɗin ramin kamar bakin ƙwarya, zurfinsa bai wuce taƙi guda ba. A tara ƙasar da aka tono ta gefen gangare, a zuba taki cikin tafin hannu. Gara ta zo cin takin, ta huhhuda ƙasa. Ruwan farko in ya sauka, maimakon ya gudu sai ya kwanta a ramin ya shige.

Mutanen nan suka dawo gida, wasunsu suka gwada a ƴan kadada kaɗan. Damanar 1990 ta zo da ƙarancin ruwa. Gonakin rairayi suka bushe, gero na cikin tassa ya yi zangarniya a kan fakon da ko jaki ba ya tsayawa. Gani ya kori ji. Ba a buga ganga ba, ba a raba hula da riga ba, maƙwabci ya leƙa gonar maƙwabci ya koma ya ɗauko dagi.

Abin da ya biyo baya shi ne darasin tattalin arziki, ku ɗaliban sashen ku buɗe kunne. Fakon da a da ko kyauta ba mai so, ya yi kuɗi; a wajejen Badagishiri aka shiga saye da sayar da shi. Samari suka mai da haƙar tassa sana'ar rani, ana biyansu. Taki ya zama haja, mai amalanke ya samu lodi. Daga rami guda kasuwa ta tashi har rassa huɗu. Me aka kashe a kan wannan? Kuɗin mota, da abincin hanya, da malamin gona mai zagayawa. Babu ko ɗaya cikin manoman nan da aka ce ya kawo takardar tsarin kasuwanci kafin ya hau motar.

Kada wani ya fita daga nan ya ce na raina babban aiki. Ƴan Keita suna zaune a cikinmu, ba za su yafe mini ba. A 1984, shekarar yunwar da iyayenmu ke kira El Buhari saboda ta haɗu da rufe iyakar Najeriya a mulkin Buhari, aka fara furojen Keita da kuɗin Italiya, hukumar FAO na gudanarwa, PAM na ba da abinci a madadin lada. Maza sun tafi biɗa, wato neman kuɗi a wasu ƙasashe, don haka mata ne suka ɗauki duwatsu a ka, suka jera su a gangaren tsaunuka, aka dasa miliyoyin itatuwa, aka tare ƙoramu da madatsai. Kafin nan, tun 1975, ƙungiyar CARE ta fara dasa layukan dogon yaro a kwarin Magiya don karya iska. Wannan irin aiki ba na mutum ɗaya ba ne. Duk ƙwazon manomi ba zai tare ƙorama shi kaɗai ba, kuma ruwan da madatsan nan suka kwantar a ƙasa yana cikin abin da garake da dama ke sha yau. To ga tallafi iri biyu da Adar ta gani da idonta: gwamnati ta yi abin da ya fi ƙarfin mutum, ko kuma ta kai mutum inda zai ga abin da yake iya yi da hannunsa. Dukansu sun bar alama. Wanda nake shakka a kansa shi ne na uku, wanda ya fi yawa a yau, wato a buɗe ofis a jira talaka ya kawo dosiye, tarin takardun neman tallafi.

Mu zo ga albasa, tunda ita ce zinariyarmu. Daga Galmi da Tsarnawa da Madawa har Tamaske da bakin tafkin Tabalak, ita ke sa kamyo ya baro Abijan da Akara ya nufo mu. Sunanta ya yi tsadar da har wani kamfanin iri na Senegal ya taɓa neman ya yi rajistarsa a matsayin nasa, Nijar ta tashi tsaye aka hana. A 2021 hukumar OAPI da ke Yawunde ta amince da albasar Galmi da kilishin Nijar a matsayin kayan da sunansu ke ɗaure da ƙasarsu. Madalla. Sai dai ku je garka a watan Afrilu ku tambayi manomi abin da takardar Yawunde ta ƙara masa.

Ga abin da za ku tarar. Kowa ya cire albasarsa lokaci guda, kasuwa ta cika ta batse, farashi ya faɗi warwas. Manomin kuwa bashi ne a wuyansa: na man injin ban ruwa, na takin zamani, na ƴan ƙwadago. Wanda ya ba shi bashin sau da yawa shi ne mai sayen. Ga buhu mai hula, wanda ake cikawa har ya tumbatsa, a ɗora masa wani tuli a ɗinke da raga, amma kuɗin buhu ɗaya ake biya. Bayan wata shida ko bakwai, albasar nan da aka saya da arha ita ce ake nema ido rufe, farashinta ya ninka ya sake ninkawa. Duk ribar noman albasa tana cikin watannin nan, kuma wanda ya iya jira shi ke cin ta. Manomi na da rudu, ɗakin kara da ciyawa da ake ɗagawa a kan itace don iska ta ratsa. Rudu dabara ce mai kyau, amma in damana ta shigo da laima, ka buɗe shi sai wari ya tarbe ka tun daga ƙofa.

A nan ne wani yaro ya shigo labarin. Ɗan ƙanwata ne, daga wani ƙauye a arewacin Tawa. Ya yi shekara huɗu a Libiya yana aikin gini, ya dawo da ɗan abin hannunsa da wani tunani: ya gina ɗakin ajiyar albasa na laka mai tagogi ƙasa da sama, da katakai hawa-hawa, ya riƙa karɓar ajiyar mutane ana biyansa kan kowane buhu. Kuɗinsa ya kai shi rabin gini. Na raka shi wani banki, ba zan faɗi sunansa ba. Ma'aikacin ya karɓe mu da mutunci, har shayi ya sa aka kawo. Sannan ya jawo takarda ya fara lissafi: rajistar kasuwanci, lambar haraji, tsarin kasuwanci a rubuce da Faransanci, lissafin shige da fice na shekarun baya, da takardar mallakar fili ko gida a birni don jingina. Yaron yana ta gyaɗa kai. Da muka fito ya tsaya bakin babur ɗinsa ya ce, "Kawu, in ina da gida a Tawa mai takarda, me zai kawo ni nan?" Ban sami amsar da zan ba shi ba. Bayan salla ya koma biɗa. Ginin na nan, awaki ke kwana a ciki.

Ban ga laifin ma'aikacin ba, ƙa'idar da aka ba shi ya bi. Kuma yanzu ne lokacin ɗauko shafin nan da na ture. Ba a ce gwamnati ba ta yi komai ba. An yi shirin 3N, na ƴan Nijar su ciyar da ƴan Nijar. A ƙarƙashinsa aka kafa asusun FISAN a 2017, da tsari mai ma'ana: kashi 40 cikin ɗari tallafi, kashi 50 bashin banki, kashi 10 daga aljihun mai aikin. Akwai FONAP na ƙanana da matsakaitan masana'antu, akwai FAFPA na koyon sana'a, akwai cibiyar CIPMEN da ke renon sababbin kamfanoni a Yamai tun 2014. Amma ku lura da inda ƙullin yake. Kashi 40 ɗin nan ba ya fita sai banki ya yarda da kashi 50, banki kuwa jingina yake nema. Ashe ƙofar tallafin a cikin ɗakin banki take, mabuɗin kuma yana hannun wanda dama yana da hali.

Wani abin da ke ba ni mamaki, duk tsare-tsaren nan kamar ba su san babban bankin Adar ba. Biɗa nake nufi. Ku zaga unguwannin Tawa, ku je Tamaske ko Kalfu ko Barmu, ku tambayi kuɗin da ya gina shagunan nan, ya sayi injinan ban ruwan nan. Daga Abijan ya zo, daga Kamaru, daga Libiya da Aljeriya, daga Legas. Ba'adare ya daɗe da sanin hanya. Marigayi Farfesa Djibo Hamani, wanda jami'ar garin nan ke ɗauke da sunansa, ya rubuta tarihin Adar kafin zuwan Turawa, kuma duk wanda ya karanta ya san ƙasar nan mahaɗa ce tsakanin Abzin da ƙasar Hausa tun fil azal. A jawabai muna kiran biɗa ciwo. Ni ina ganin jari ne da ba a yi masa mazubi ba, shi ya sa yake ƙarewa a bulo da biki.

To me nake roƙo? Na farko, a raba jingina da gidan birni. Tun dokar karkara ta 1993 muke da kwamitocin filaye, Kofo, masu ba da takardar shaidar gona. Gwamnati ta tsaya wa banki a kan wani kaso na asara, shi kuma ya karɓi takardar Kofo da shaidar ƙungiyar manoma. Kuma muna da wata dabara da aka jarraba a ƙasar nan fiye da shekara ashirin: a zuba amfanin gona a sito, a sa kwaɗo biyu, mabuɗi ɗaya a hannun ƙungiya, ɗaya a hannun asusun bashi, a ba manomi kuɗi ya biya buƙatarsa, in farashi ya tashi a buɗe a sayar. Da gero da wake tana tafiya. Da albasa tana da wuya, don albasa na ruɓewa tana kuma raguwa a awo. Daidai wannan wuyar ce wurin da kuɗin gwamnati ya kamata ya shiga, ya ɗauki kasadar shekarun farko har a gano irin ɗakin da ke riƙe ta.

Na biyu, a ci gaba da abin da ya fi ƙarfin mutum. An gyara filin noman rani na Konni, an kafa tashar wutar rana ta megawat 7 a Malbaza a 2018, kusa da masana'antar simintin da ke can tun shekarun 1960. Amma gawayin Salkadamna, shekara nawa muna jin labarinsa? Mai injin niƙa da mai walda da mai sayar da ƙanƙara ba ruwansu da taron bita, wuta suke so wadda ba ta ɗaukewa. Haka hanya. Wanda ya bi titin Tawa zuwa Abalak da lodin cuku ko kifin Tabalak ya san abin da nake faɗi.

Iyaka kuwa, ba sai na tuna muku ba. Najeriya ta rufe tata daga Agustan 2019 zuwa Disamban 2020. Bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 aka sake rufewa, har wuta aka yanke, ba a buɗe tsakanin Konni da Illelar Sakkwato ba sai Maris na 2024. Ba siyasa na zo yi ba, kowa da ra'ayinsa. Abin da na sani shi ne albasa ba ta jiran sulhu. Kwana goma a cikin kamyo a rana, ta zama taki. Ko a Akara, da hukuma ta tashi kasuwar albasa daga Agbogbloshie zuwa Adjen Kotoku a 2021, sai da aka ji a jika a Galmi. Wannan kaɗai ya isa hujjar a taimaki matan da ke busar da albasa da ganyenta suna yin gabu, su kai ga garin albasa a leda mai suna, abin da zai yi shekara bai lalace ba.

Saura ku, ƴan jami'a. Nawa ne ainihin asarar rudu daga Afrilu zuwa Oktoba? Kowa na faɗin nasa adadi, a ofis. Ga aikin kammala karatu a ƙofar gidanku, kuna tafiya neman maudu'i a intanet. Ku sami sikeli, ku zaɓi rudu goma a Tamaske, goma a Tabalak, ku auna abin da ya shiga, ku riƙa komawa duk wata kuna auna abin da ya rage, ku rubuta irin ciyawar rufin da tsawon ƙafafun da inda ƙofa ta fuskanta. Wanda ya fi riƙe albasa a cikinsu, ku nemi mai shi ku zauna a gabansa da ladabi ku ji yadda yake yi. Sannan a samo mota, kamar yadda aka yi a 1989, a kwaso manoma daga Keita da Buza da Madawa su zo su gani. Na yi magana da shugaban zaman nan kafin mu shigo, na ce masa man motar farko ni zan saya.