Ƙidayar Sojan da Suka Faɗi: Jawabi ga Hakimai da Malamansu

Sau da yawa a kan ji mutane a kasuwar Funtua ko ta Malumfashi suna cewa, "Bana ba a kashe soja ba, ashe yaƙin 'yan bindiga ya ƙare." Wannan magana tana bukatar gyara, gama hasarar soja ta kan hau ta sauka bisa dalilai uku.

Na fari shi ne shiga daji. Cikin Yuli 1 ga wata bai daɗe da wucewa ba, a 2020, aka buɗe farmakin Sahel Sanity daga sansanin Faskari. Ran 18 ga watan nan 'yan bindiga suka yi wa soja kwanton ɓauna a ƙasar Jibiya, wasu rahotanni suka ce an kashe 16, wasu suka ce 23. Watau sa'ad da soja suka bi maƙiyi har maɓoyarsa, a nan hasara ta kan yawaita.

Na biyu shi ne sulhu. A 2019 Gwamna Aminu Bello Masari ya zauna da shugabannin 'yan bindiga, ƙura ta lafa. Amma ba a ajiye makamai duka ba, ga shi cikin Disamba 2020 aka kwashe 'yan makaranta fiye da 300 a Ƙanƙara.

Na uku shi ne tattara soja wuri ɗaya. A Borno, bayan hasarar Metele ta 2018, aka janye soja daga ƙananan sansani zuwa manya. Soja suka sami kariya, ƙauyuka kuwa suka zama ba mai tsaronsu.

Saboda haka raguwar gawar soja ba ita ce shaidar zaman lafiya ba. Masallatan da aka kashe da asuba a Unguwar Mantau, ƙasar Malumfashi, cikin Agusta 2025, ba su shiga lissafin soja ba.

To, a nan aikin Hakimi ya ke. Lalle ne kowane wata malaminsa ya rubuta abin da dagatai da masu unguwa suka kawo: mutum nawa aka kashe, nawa aka sace, shanu nawa aka kora, gonar masara ko ta auduga nawa aka bari ba noma. Kada a rage don gudun kunya, kada a ƙara don neman taimako. Da wannan takarda Gwamnati za ta san inda ya kamata a kai soja kafin kaka.

Allah ya ji ƙan waɗanda suka rasu, ya zaunar da ƙasarmu lafiya, amin.