Yadda Na Koyi Shafa Banish: Jawabin Wata Mamba a Ranar Biki



An ce in yi magana a kan sana'ata. Kun dai san ni, kujeru 'yan tsuguno da ƙananan tebura nake sayarwa a kasuwa. Wannan takarda da hannuna na rubuta ta, albarkacin ajin yaƙi da jahilci, to in na yi tuntuɓe a yi mini haƙuri.

Da rancen farko da ƙungiya ta ba ni na saro tebura 12 waɗanda ba a shafa musu komai ba, don sun fi araha. Na ce ai banish ba wani abu ba ne. Na lafta shi da kauri, shafi ɗaya, a tsakar gida, ana tsakiyar hunturu. Ƙura ta bi ta manne, ki shafa hannu ki ji kamar an barbaɗa tsaki. Wata uwar amarya ta sayi biyu don jere, kwana uku ta dawo mini da su. Kuɗin ƙungiya ne fa, ga ranar biya ta matso. Wallahi daren nan ban runtsa ba.

Wani dattijon kafinta a layinmu ya dube su ya ce, "'Yata, gaggawa kika yi." Shi ya zaunar da ni ya koya mini.

Kafin komai, a goge katakon da sanfefa mai lamba 120, a bi da 220. A riƙa bin tsawon jijiyar katakon, don in aka gicciye ta, banish zai fito da kowane ƙarzo fili. Sai a share garin tas. Shafin farko a ɗan sirka shi da tina don katako ya sha, a shafa siriri, a bar shi ya kwana.

Washegari za ki ji ya yi kaushi. Nan ne na fi yin gardama: yaya zan goge abin da na sha wahalar shafawa? Ashe gugar ce ke kwantar da kaushin, ta ba shafi na biyu wurin kamawa. Da lamba 320 ake yi, hannu sakwa-sakwa, sai ƙyallin ya dushe kawai. In kika ga farin gari, ya bushe. In yana cukuikuyewa a sanfefar, ajiye, da saura. Ni shafi uku nake yi, na ƙarshe ba a goge shi.

A yi aikin inda iska ke shiga amma ba ƙura, a yayyafa ruwa a ƙasa. Don Allah a nisanta shi da murhu da yara, tina na kama wuta nan da nan. Da damina kuma a ƙara masa kwana.

Teburan nan biyu na kankare su na sake, ita uwar amaryar ce ta karɓa, kuma na biya rancena. Mai son koyo ta same ni a rumfa bayan la'asar, ta zo da tsumma.