Abin da littafin lissafi ya yi a masaƙun Indiya



A shekarar 2013 wasu masana, cikinsu har da Nicholas Bloom na Jami'ar Stanford da David McKenzie na Bankin Duniya, suka wallafa sakamakon gwajin da suka yi a masaƙun da ke kewayen birnin Mumbai na Indiya. Ba su kai wa kowa sabon inji ko jari ba. Ƙwararru kan tafiyar da kamfani aka tura wa wasu masaƙun kyauta, sannan aka kwatanta su da sauran.

Abin da suka tarar ba daɗin gani: ga zare jibge a ɗakin ajiya ba lamba, wani ya sha damshi ya lalace, inji ya tsaya ba wanda ya rubuta dalili. Aka koya wa ma'aikata rubuta duk aibin da ya fito a yadi, a zauna kullum a duba. Cikin shekara guda amfanin aiki ya ƙaru da kashi 17 cikin ɗari.

Ni abin da ya fi tsaya mini a rai daban ne. Masu masaƙun ba sa sakin ragama ga bare, tunda babu rubutun da zai tona asirin maha'inci. Saboda haka kamfani ba ya girma fiye da yawan 'yan'uwa maza da mai shi ke da su.

Mu ma darasin ya shafe mu: Alhaji mai shago a Kantin Kwari, don Allah gobe ka sayi littafi, ka fara rubuta shige da ficen kayanka.