Jawabi a Bikin Yaye Matasa 'Yan Wasan Kwaikwayo, Bonapriso, Duwala



Kafin a miƙa takardun shaida, ina so ku riƙe sunan Bole Butake, malamin Jami'ar Yawunde, ɗan ƙasar Noni, wanda ya rasu a 2016.

A watan Agustan 1986 tafkin Nyos ya fitar da iskar guba, ta hallaka mutane sama da 1,700 da dubban shanu. A shekarar Butake ya fito da wasan kwaikwayonsa Lake God. Ya kai 'yan kallo wani ƙauye inda shanun makiyayi ke cinye amfanin gonar mata, sarki kuwa, da yake shi ma mai garke ne, ya toshe kunne. Kowa a zauren ya san da wane sarki ake. Ba a kama suna ba, don lokacin jam'iyya ɗaya ce, kuma mai hankali ba ya nuna kura da yatsa a gabanta.

Zuwa 1990, shekarar da Bamenda ta motsa ana neman jam'iyyu da yawa, sai ga And Palm Wine Will Flow. Habaicin ya yi kaifi. Mata ne suka kawar da azzalumin sarki, mulki ya koma hannun majalisar jama'a.

Sauyin da ya fi burge ni ya zo daga baya. Ya lura cewa wasan Turanci a zauren jami'a ba ya isa ga talakan da ake magana a kansa. Sai ya nufi ƙauyuka, ya zauna da mata da matasa, su kawo matsalarsu, su tsara wasan da harshensu, shi yana gefe yana gyara. Wasu na ganin rubutunsa ya yi rashi da haka. Ni ban yarda ba. Irin wannan aiki malaman jami'ar Zariya suka yi da manoman Soba da Maska.

'Ya'yana, unguwarmu New Bell ba ta rasa abin wasa ba: kwatar da ke ambaliya duk damina, rigimar rumfa a kasuwa, yaron da aka cire daga makaranta ya koma tuƙin babur. Ku yi su da Hausa, ku sirka da Fulatanci da Faransanci yadda muke yi a ƙofar gida.

Allah ya yi muku albarka. Mai girma Sarkin Hausawa, ranka ya daɗe, ga takardun, a fara kiran suna.