Kiɗan Japan da ya tuna mini da Pat Thomas



Kwanan baya wani saurayi ya kunna mini waƙar Stay Tune ta Suchmos, wata ƙungiyar mawaƙan Japan da aka kafa a 2013 a Kanagawa. Sun cakuɗa jaz da kiɗan samarin birni, gangar na tafiya a natse, ba hayaniya. Ban ji ko kalma ɗaya ba, amma wallahi sai da na sa ya maimaita.

Kunnena bai ji baƙon abu ba. Irin wannan haɗin shi ne kiɗanmu na hailaif. A 1956 Louis Armstrong ya zo Akara, ya busa ƙaho tare da makaɗin hailaif E.T. Mensah. Shi kuwa mawaƙin hailaif Pat Thomas, ɗan Agona a nan ƙasar Asante, ya fitar da faifai da Kwashibu Area Band a 2015. Ebo Taylor ya sa hannu a ciki, Tony Allen na Najeriya kuma ya kaɗa ganga.

Abin da ke ci mini rai, da wuya ka ji wannan faifan a shagunan kasuwar Kejetia. Ku nemo shi, ku saurari yadda ƙahonin ke amsa muryar dattijo Pat Thomas.