GWANDAR ƘASASHEN SANYI: Lacca Domin Hakimai da Malamansu



Abin da wannan lacca ta ƙunsa shi ne labarin wani itace da a ke shukawa a lambunan gidaje a ƙasar Amurka da kudancin Kanada, inda sanyi kan sa kogi ya daskare har mutum ya taka ya ƙetare. Turawa suna kiransa pawpaw, sunan da su ke kiran gwandar gida da shi ke nan, kuma wannan suna ya rikita mutane da yawa. Wanda ya karanta a takarda cewa ana noman gwanda cikin dusar ƙanƙara sai ya zaci ko an samo wata sabuwar dabara ce, ko kuwa marubucin ya shara ƙarya. To, kama da wane ba wane ba ne. Gwandar gida in raɓa ta daskare a kanta dare ɗaya tak, ganyenta ya ƙone ke nan, sau da yawa ma har uwar ta ruɓe. Wancan itace dabam ne, masana suna kiransa Asimina triloba. Danginsa na sosai yana nan cikin dazuzzukan ƙasar Hausa, watau gwandar daji, wadda yara masu kiwo su ke tsinka. Zuriyarsu ɗaya. Galibin wannan zuriya 'yan ƙasar zafi ne, shi ne ya fi sauran kutsawa arewa cikin sanyi. Domin sauƙin magana za a kira shi gwandar sanyi.

Itace ne matsakaici, tsawonsa ƙafa 15 zuwa 30. Ganyensa manya ne, wani ya kan kai ƙafa guda, suna rataye kamar kunnen tunkiya. Da kaka su kan zama rawaya su zube, itacen ya tsaya tsirara har sanyi ya wuce. Ɗansa ya yi kama da ɗanyen mangwaro mai ɗan tsawo, nauyinsa daga rubu'in laba zuwa laba guda. Cikinsa rawaya ne mai laushi kamar fankasau na kabewa da aka dama, ɗanɗanonsa tsakanin ayaba da mangwaro, da ƙwallaye baƙaƙe kamar 10 zuwa 14 a jere sahu biyu. Cikin itatuwan da su ke na asalin Amurka babu wanda ya kai shi girman ɗa mai ciwuwa.

Mutanen ƙasar na asali sun san shi tun kafin zuwan Turawa. A shekarar 1541 ayarin Hernando de Soto, mutumin Sifen, ya tarar suna cinsa a yankin kogin Misisifi. A watan Satumba na 1806 kuma ayarin Lewis da Clark, suna kan hanyar komawa gida ta kogin Misuri, guzurinsu ya ƙare, da 'ya'yan wannan itace su ka yi ta rufa wa cikinsu asiri. A 1916 wata ƙungiyar masana irin shuka ta Amurka ta sa gasar neman wanda ya fi daɗi, wata mata daga garin Ironton a jihar Ohayo ta ci. Daga nan sai aka yi sakaci, irin kirki da yawa su ka ɓace. Wani mutum mai suna Neal Peterson, wanda ya fara ɗanɗana shi a 1975, shi ya bi sawun tsofaffin lambuna ya tattaro iri, ya shuka fiye da 1,000, ya yi shekaru yana zaɓe, har ya fitar da waɗansu ya sa musu sunayen kogunan ƙasarsu, kamar Shenandoah da Susquehanna da Allegheny. Jami'ar Jihar Kentaki da ke garin Frankfort ta fara bincike a kansa a 1990, a 1994 kuma gwamnatin Amurka ta mai da ita ma'ajiyar irinsa. Jihar Ohayo ta ɗauke shi ɗan itacenta na asali a 2009.

SANYI BA SHI NE ABOKIN GABA BA

A ma'aunin zafi na Salsiyas, sifiri shi ne inda ruwa ke daskarewa. Daren hunturu a Kano, wanda a ke kwana da wuta a ɗaki saboda shi, yawanci yana tsakanin digiri 10 da 15 a bisa sifiri. Gwandar sanyi kuwa ta kan jure digiri 25 ƙasa da sifiri, ta farka lafiya lau. Ba jurewa kaɗai ta ke yi ba, bukatarsa ta ke. Sai ta sami aƙalla awa 400 na sanyi mai kusa da daskarewa kafin idanunta su buɗe su yi toho yadda ya kamata.

Abin da ya fi damun mai lambu a can arewa shi ne gajartar lokacin zafi. Itacen yana son kwana 160 ko fiye waɗanda babu daskarewa a cikinsu, da rana mai ƙarfi, kafin ɗansa ya nuna. Saboda haka a wurare irin su Mishigan da Ontariyo ta Kanada mai hankali ya kan nemi iri mai saurin nuna, kamar NC-1, wanda a Ontariyo aka zaɓo shi, ko Pennsylvania Golden, ko Allegheny. Wanda ya bi girman ɗa ya sayi iri mai jinkiri, ya kan ga sanyin Oktoba ya riski 'ya'yan suna ɗanye shar, wahalar shekara ta tafi a banza. Don haka ne ma a Ingila, inda hunturu bai kai na Ohayo tsanani ba, itacen ya kan rayu amma ɗan ya kan yi wuyar nuna, gama zafinsu ba shi da ƙarfi.

Galibin itatuwan da su ke mutuwa a lambunan gida a shekara biyun farko su ke mutuwa, kuma hannun mai su ne ke kashe su. Sauri ya kan haifi nawa. Hanyoyin kuwa sanannu ne.

Ta farko ita ce ƙwallo. Manomin gero da dawa ya saba ya shanya iri ya bushe ƙayau kafin ya kai rumbu, kuma gaskiyarsa. Ƙwallon gwandar sanyi in an yi masa haka an kashe shi. Kwana kaɗan a bushe sun isa su lalata mafi yawansa. Da an fid da shi daga cikin ɗan, sai a wanke, a sa cikin yashi ko gansakuka mai laima, a ƙulle a leda, a ajiye a firji a wurin da ke da sanyi amma ba ya daskarar da ruwa, watau digiri 0 zuwa 4, har kwana 70 zuwa 100. Wannan kwaikwayon hunturu ne, in babu shi ƙwallon ba ya farkawa. Bayan an shuka, zurfin inci guda, saiwa ce ke fara fita, ta yi ta nutsawa ƙasa wajen wata biyu kafin a ga kome a sama. Mutane da yawa a nan su ke fid da rai su zubar da tukunyar, alhali kuwa shukar tana da rai.

Ta biyu ita ce saiwar nan. Doguwa ce guda ɗaya, mai gautsi, ba ta da 'yan rassa da yawa. Tukunyar reno lalle ta kasance mai zurfi, ƙafa guda ko fiye. Wanda ya shiga daji ya haƙo ɗan tsiro daga gindin babba, da wuya ya kama, gama yawancin waɗannan ba daga ƙwallo su ka fito ba, toho ne daga saiwar uwa, ba su da tasu saiwar da za ta riƙe su. Abin da ya fi shi ne a sayi wanda aka rena a tukunya, a dasa shi da ƙasarsa ba tare da an girgiza ba. Lokacin dashe shi ne sa'ad da ƙanƙara ta narke idanu su ka fara kumbura, wajen Afrilu ko Mayu. Dashen kaka a wuri mai tsananin sanyi kasada ce.

Ta uku ita ce rana, kuma nan ne abin mamaki ya ke. A daji wannan itace a ƙarƙashin manyan itatuwa ya ke tashi, a bakin rafuka. Jaririnsa ba ya jure rana tsaka, ta kan ƙone shi. Amma babbansa a inuwa ba ya 'ya'ya sai kaɗan. Dabarar ita ce a dasa shi a fili inda rana ke samu sosai, sa'an nan a yi masa 'yar rumfa ta shekara ɗaya ko biyu, kamar yadda mai lambu ke kafa wa dashen mangwaro zana. In ya kai kamar ƙugun mutum sai a janye.

Ƙasar da ya ke so mai zurfi ce, mai taki, mai ɗan tsami kaɗan, wadda ke riƙe laima amma ruwa ba ya kwanciya a kanta. A bar ƙafa 8 ko fiye tsakanin itace da itace. A yi ta ban ruwa a shekara biyun farko, a rufe gindin da ruɓaɓɓen ganye ko ɓawon itace domin ciyawa kada ta shaƙe shi, gama yana da nawar girma da fari. A wurare masu dusar ƙanƙara a kan shafa wa gangar jikinsa farin fenti mai ruwa, don kada ranar hunturu ta ɗumama ɓawon da yamma, sanyin dare ya zo ya tsaga shi.

HANNU ƊAYA BA YA ƊAUKAR JINKA

Akwai wanda zai kiyaye duk waɗannan, itacensa ya girma ya yi kyau, ya yi fure kowace shekara, amma ko ɗa ɗaya bai gani ba. Dalili shi ne guda ɗaya ya shuka. Gwandar gida an san akwai namiji akwai tamace. Ita gwandar sanyi kowane fure nata yana da namiji da tamace a cikinsa, sai dai tamacen ke riga nuna, kafin garin namijin ya fito ta wuce. Har wa yau galibin itatuwan ba su karɓar garin furen kansu. Lalle sai an shuka biyu ko uku waɗanda asalinsu ya bambanta, kusa da juna. Biyu masu suna ɗaya daidai su ke da guda, haka kuma uwa da tohon saiwarta. Shi ya sa a kan tarar da kurmi guda na wannan itace a daji, ɗaruruwa, ba ɗa ko na magani: duk itace ɗaya ne ya bazu ta ƙarƙashin ƙasa.

Furen ja ne wur mai duhu kamar tsoka, yana fitowa kafin ganye, yana da ɗan wari. Ƙudan zuma ba ruwansa da shi. Ƙuda da waɗansu ƙwari su ne ke kai garin daga fure zuwa fure, kuma ba ma'aikatan kirki ba ne, balle in an yi sanyi ko ruwa. Waɗansu masu lambu su kan rataya ruɓaɓɓen nama a reshe don su kira ƙuda. Dabarar tana aiki, amma wanda ke da maƙwabta ya fi kyau ya nemi ɗan burushi mai laushi irin na masu zane. Ya kakkaɓo garin daga furen da ya buɗe ya yi duhu a itace ɗaya, ya shafa a tsakiyar furen ɗaya itacen, wanda bai gama rinewa ba, kansa yana ƙyalli da danƙo. Fure ɗaya ya kan ba da 'ya'ya da dama a nono guda kamar ayaba. In sun yi yawa a rage, don kada reshe ya karye.

Wanda aka shuka daga ƙwallo ya kan yi shekara 5 zuwa 8 kafin ya haihu, kuma ba a san abin da zai bayar ba, ko zaƙi ko ɗaci. Wanda aka yi wa aure, irin auren da a ke yi wa mangwaro, ya kan fara a shekara 3 ko 4, ya ba da irin ɗan da aka san shi da shi. Sai dai a riƙa sare tohon da ke fitowa daga ƙasan wurin auren, in ba haka ba gindi ya rinjayi amarya.

Ta wajen ɓarna mai shi yana da hutu. Ganye da ɓawo suna da wani dafi da ke korar yawancin ƙwari, barewar can ma ba ta cika cinsu ba, ko da ya ke namijinta ya kan goga ƙaho ya karya ƙananan itatuwa, sai an kewaye su da waya.

Ɗan ya kan nuna daga ƙarshen Agusta zuwa Oktoba. Launi ba ya nuna gaskiya. A latsa a hankali, in ya yi laushi yana ƙanshi ya isa, in an bar shi ma da kansa zai faɗo. A raba shi biyu a sha da cokali. Ba a cin ɓawon, ba a tauna ƙwallon, gama suna da dafi. Waɗansu mutane ma naman kan ɓata musu ciki, musamman wanda aka busar, saboda haka baƙonsa ya fara da kaɗan. Nunanne ba ya wuce kwana 2 ko 3 a ɗaki, a firji kamar mako guda, kuma ba ya jure jigila. Wannan ne ya hana shi shiga manyan kantuna, ya bar shi a hannun masu lambun gida da 'yan ƙananan kasuwanni. Mai rara ya kan tsame naman ya daskarar.

Saura abin da ya shafi hakimai kai tsaye. Akwai 'yan ƙasa da yawa da su ke zaune a Amurka da Kanada, kuma ba abin mamaki ba ne wani ya ɗanɗana wannan ɗan itace ya aiko wa danginsa da ƙwallo, ko wani ya zo yana tallar dashen gwandar Amurka da tsada. Ruwan sama da itacen ke bukata, wajen inci 32 a shekara, ba shi da nisa da na Kano, amma awa 400 ɗin nan na sanyi babu su a ƙasar Hausa. Ƙwallon da ya zo a bushe cikin ambulan kuwa ya riga ya mutu a hanya. Ban da haka, shigo da iri ko dashe daga waje sai da izinin hukumar da ke tsaron lafiyar tsirrai. In an kawo maganar gaban hakimi, sai ya tura mai ita wurin malamin gona kafin ya kashe kuɗinsa. Malamin da aka sa ya rubuta amsa ga wanda ya aiko, ya gaya masa ƙwallon ya fi amfani a can inda ya ke: ya ajiye shi da laima a firji, ya shuka biyu ko uku daga itatuwa dabam dabam a lambun gidansa, ya yi musu rumfa.