Sauya Jijiyar Bayan Gwiwa



Cikin gwiwa akwai jijiyoyi biyu da suka gitta juna. Ta bayan ita ke hana ƙashin ƙwauri zamewa baya, kuma takan tsinke sa'ad da mota ta yi karo, gwiwa tana lanƙwashe ta bugi allon gaba. In zamewar ta wuce milimita 10, musamman in wata jijiyar ta tsinke tare da ita, sai fiɗa.

Likita yakan yanko wata jijiya daga bayan cinya ko ƙasan ƙoƙon gwiwa, ya huda ƙashi, ya zura ta. Wahalar tana inda ta ɓullo a bayan ƙwauri: nan take lanƙwasa ƙwarai, bakin ƙashi yana cinta kamar yadda bakin rijiya ke cin igiyar guga. Saboda haka a 1995 Dokta Berg na Amurka ya bayyana dabarar shiga ta bayan gwiwa, a kafe ta kai tsaye bisa ƙashi. Amma da aka kwatanta sakamako a jikin majiyyata, babu dabarar da ta yi wa 'yar'uwarta fintinkau. Gwiwa takan yi ƙarfi, sai dai sau da yawa ɗan sako-sako yakan rage, ɗan wasa kuwa yakan shafe wata 9 zuwa 12 kafin ya koma fili.